Sunan Baba a Jerin Manazarta

Kun taso kuna jin cewa ni da kawunku Auwalu mun yi shekaru ba ma magana saboda wata takarda. Haka ne. Amma yadda ake ba ku labarin a gidajen dangi ya kasu biyu, kuma kowanne a gurɓace yake. Masu goyon bayana suna cewa shi matsoraci ne, ya so a ɓoye ilimin mahaifinmu don ya samu kujera. Masu goyon bayansa suna cewa ni na ɗauki sunan tsoho na kai wa 'yan boko ba tare da na tambaye shi ba. Zan rubuta abin da ya faru yadda na san shi, har da wurin da bai yi mini daɗi ba.

Na fara aiki a sashen falsafa na jami'a a Kano a matsayin mai buga tafireta, a daidai shekarun da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Sashen yana da mujalla da aka ce za ta riƙa fita sau biyu a shekara, amma in ta fito sau ɗaya a shekara biyu sai a gode wa Allah. Takarda ta yi wuya. Bayan tsofaffin takardun jarrabawa muke buga gwaji, zaren tawada kuwa sai na juya shi na sake juyawa har haruffa su koma kamar inuwa. Da malaman suka gane ina karanta Larabci, don a gidan malamai na tashi a Getso, sai aka bar mini aikin da kowa yake gudu, wato gyaran bayanan ƙasan shafi da jerin manazarta da ke ƙarshen kowace maƙala. Mai maƙala zai kawo tunaninsa mai zurfi, amma madogararsa a hargitse: wani littafin babu shekara, wani babu garin da aka buga shi, wani an rubuta sunan mawallafin iri uku a shafi uku. Ni nake bin su ɗaya bayan ɗaya, in je laburare in duba, in dawo in jera.

Ƙa'idar mujallar ni na buga ta da hannuna a bangon baya, kuma har yau ina iya kawo ta da ka. Sunan da mawallafi ya shahara da shi ne a gaba, sai waƙafi, sai sunansa na yanka. Shekara a cikin baka biyu. Sunan littafi a ja masa layi a ƙasa, don tafireta ba ta da haruffa masu karkata. Sai gari, ruwa biyu, maɗaba'a, aya. Sunayen Larabawa sun fi ba da wahala, domin harafin ta'arifi, wato al-, da ke farkon suna ba a lissafa shi a jeri, kuma ɗigon da ake sa wa a ƙarƙashin wasu haruffa sai na bi da tsinin biro a kan sitensil, takardar da ake gurza kwafi da ita, na ɗiga su ɗaya-ɗaya. Mutanenmu kuwa da yawa ba su da sunan iyali, sai a sa sunan garinsu a gaba. Ina da kwalin takalmi cike da katuna, kowane littafi da katinsa. A ƙasan ƙa'idar akwai layi ɗaya da editan, wani dattijo da kowa ke kira Farfesa, ya ce a buga da manyan haruffa: duk maganar da aka ɗauko daga wani, a faɗi mai ita a cike.

Shekara goma sha huɗu na yi ina wannan aiki kafin abin da zan faɗa ya faru. A lokacin an kawo mana kwamfuta guda, na daina ɗiga ɗigo da biro.

Akwai wani malami a sashen, Dokta Nasiru, mai bincike a kan abin da ake kira sani, da yadda mutum zai rarrabe abin da ya tabbatar da abin da yake zato kawai. Wata rana yana hira ya ce yana neman malaman zaure da suka karanta manɗiƙi, wato ilimin tsara hujja, sai na ce masa mahaifina ya karanta. Ni na haɗa su. Ya je Getso sau uku, ya zauna a zaure, Baba ya ji daɗinsa ƙwarai, domin ya daɗe bai samu mai yi masa irin waɗannan tambayoyi ba. A zuwa na uku Baba ya ara masa wasu takardu da ya rubuta da hannunsa tun yana matashi, da Larabci, da sharhin ajami a gefe. Ba su kai talatin ba, kuma ba su da suna. Magana ce a kan shaida: abin da idon mai shaida ya gani, da abin da zuciyarsa ta ƙara a kai ba tare da ya lura ba. Misalin da Baba ya fi so shi ne na mutumin da aka gani da asuba yana fito da damin gero daga rumbun wani. Yakan ce ido ya ga ɗauka, bai ga sata ba, domin bai ga ko mutumin yana da rabo a geron ba, bai ga ko aiko shi aka yi ba, bai ga yunwar gidansa ba. Aikin alƙali ne ya nemi waɗannan kafin ya yanke hukunci mai tsanani. Wannan ba sabon abu ba ne a wurin malaman fiƙihu. Abin da ya bambanta shi ne yadda Baba ya jera hujjar, mataki-mataki, irin na masu manɗiƙi.

Maƙalar Dokta Nasiru ta iso teburina a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. Ku da kuke ƙanana a lokacin, zai yi wuya ku gane yadda gari yake. Mutane sun gaji da shekarun wahala da rashin adalci, suna ganin ga mafita ta zo, kuma ni ma ina cikin masu murna. Amma a wannan yanayi duk wanda ya ce a tsaya a duba, ana iya ɗaukarsa maƙiyi. Na karanta maƙalar, da Turanci take, na tarar shafi huɗu cur maganar Baba ce, har da damin geron. Na duba ƙasan shafi, lamba ta sha bakwai. Abin da aka rubuta shi ne: majiya ta baka, yammacin Kano. A jerin manazarta babu komai.

Na sami Dokta Nasiru a ofishinsa na nuna masa wurin.

"Malama Rabi, ba sata na yi ba," in ji shi. "Kin ga yadda ake ciki. Ni ina da jami'a a bayana. Malam ba shi da kowa sai zaurensa."

Na yarda da shi, har yanzu ma na yarda. Amma na ce masa ƙa'ida ba ta karɓar haka, kuma majiyar ba ta baka ba ce, rubutacciya ce, takardun suna cikin durowarsa. Muka tafi wurin Farfesa. Ya karanta shafukan huɗu a tsaye, ya cire tabarau, ya ce hanya uku ce. Ko a sa sunan a cike, ko a cire shafukan gaba ɗaya, ko kuma a rubuta cewa rubutun hannu ne na wani malami da ya nemi a sakaya sunansa, a ajiye kwafin takardun a ofishin edita don duk mai son tabbatarwa. Ya ce ta ukun ana yin ta a mujallu na waje in akwai haɗari ga mai magana, kuma shi ba zai ƙi ba.

"Amma mai maganar ne zai zaɓa, ba mu ba," ya ce. "Ki je gida ki tambaye shi."

Ranar Juma'a bayan an sauko na hau mota zuwa Gwarzo, daga nan na kama ta Getso. Damina ce, gero ya fara fitar da kai. Na tarar Yaya Auwalu yana gida. Shi ne babba a ɗakinmu, shi ya gaji karatun Baba, ya ƙara da takardar makarantar koyon shari'a, ya yi shekaru yana koyarwa a Islamiyya a kan albashin da bai taka kara ya karya ba. A wannan shekarar an sa sunansa cikin waɗanda za a ɗauka a kwamitin da zai kula da harkar Shari'a a ƙaramar hukuma, kuma ana cewa daga nan hanyar alƙalanci a buɗe take. Karo na farko ke nan da karatunsa zai ba shi matsayi.

Washegari da hantsi, bayan ɗalibai sun tashi, na shiga ɗakin Baba da takardata. Yaya yana zaune, Inna tana bakin ƙofa tana tsince wake. Na fassara musu shafukan huɗu. Baba ya saurara idonsa a rufe, sau biyu ya tsayar da ni ya ce yaron ya fahimta, sau ɗaya ya ce a nan ya ɗan yi gaggawa. Sannan na ce ana so a san ko za a sa sunansa ko a cire maganar duka.

Hanya biyu na faɗa. Ta ukun ban ambace ta ba.

Yaya ne ya fara magana.

"Baba, a cire. Maganar daidai ce, ni ma a kanta na tashi. Amma ba yanzu ba, kuma ba a mujallar falsafa ba. Mutanen nan kalmar falsafa kaɗai za su ji, ba za su karanta sauran ba."

"Wa zai karanta ta a nan?" na ce. "Da Turanci take. Kwafin da ake bugawa ma rabinsu a sito suke ƙarewa."

"Mutum ɗaya ya isa," ya ce.

Inna ba ta kama sunan ɗan fari, don haka ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ki ji maganar yayanki. Shi yake zaune da mutanen nan, ke kina birni."

Baba ya ce in nuna masa yadda za a rubuta sunan. Na riga na buga shi a kati, na miƙa masa, na karanta masa don ba ya karanta boko sosai: Getso, Iliyasu. Babu shekara. Sai sunan da na ƙirƙira wa takardun a cikin baka mai kusurwa, alamar cewa ba mai su ne ya sa ba. Rubutun hannu, yana wurin mawallafi.

"Garin ne a gaba, ni a baya," ya ce, ya ɗan yi murmushi. "To, ai shi ya girme ni." Ya juya katin ya duba bayansa. "Ina sunan Malam Jibo?"

Malam Jibo malaminsa ne na Gude, wanda Baba ya zauna a gabansa shekara bakwai, ya rasu tun kafin a haife ni. Na ce tsarin ba shi da gurbin malamin mawallafi.

"Misalin geron nasa ne. Rabin hujjar ma nasa ne, ni na jera kawai. In za a rubuta, a rubuta daga wa na ji. In babu wuri, a bar mu duka mu biyun."

"Baba," in ji Yaya, "ba maganar wuri ake yi ba."

"Na ji ka, Auwalu. Amma abin da na faɗa a zaure shekara arba'in, ba zan ce ban faɗa ba don an tambaye ni a takarda. Kuma in aka cire, yaron nan ya yi wahalar banza." Ya miƙo mini katin. "In kin samu wurin Malam Jibo, ki sa."

Yaya ya raka ni bakin hanya da yamma. Bai ɗaga murya ba. Ya ce in yi wa Allah in koma in ce ba a samu wuri ba, tunda Baba da kansa ya ba da wannan ƙofa. Ya ce ba kansa kaɗai yake ji ba, tsohon ba zai iya jure abin da zai biyo baya ba. Na ce zan duba. Mota ta zo na hau.

Na duba ɗin. Na shafe mako guda ina juya abin, kuma a ƙarshe na samu wuri. Na sa sunan Baba a jerin manazarta, a ƙasan shafi kuma, lamba ta sha bakwai, na ƙara jimla guda: mawallafin ya ce ya karɓi wannan misali da asalin hujjar daga malaminsa, Malam Jibo na Gude. Farfesa ya karanta ya ce bai taɓa ganin an yi haka a mujallar ba, amma ya fi abin da ƙa'ida ta nema. Ya tambaye ni ko na gaya wa tsohon duk hanyoyin. Na ce ya zaɓi a sa suna. Ban yi ƙarya da baki ba, amma na san abin da ya tambaya, na kuma san abin da na amsa.

Na daɗe ina tambayar kaina dalili. A lokacin nakan ce ƙa'ida nake karewa, kuma sakaya suna rabin gaskiya ce. Wannan ba shi ne duka ba. Shekara goma sha huɗu na yi ina jera sunayen mutanen da suka mutu a Bagadaza da Ƙurɗuba da biranen Turai, ina kula da kowane ɗigo na sunansu, alhali mahaifina da na san ya kai wasunsu tunani ba ya cikin kowane jeri a duniya. Na so in ga sunansa a tsakaninsu, a ƙarƙashin harafin G, da hannuna. Na kuma san da na faɗi hanya ta uku, Yaya zai kama ta, Inna za ta mara masa baya, Baba kuma zai iya yarda don a zauna lafiya, tunda ba ta sa shi ya ƙaryata kansa ba.

Mujallar ta fito bayan girbi. Wata biyu ba a ji komai ba. Daga nan wani ɗalibi ɗan yankinmu ya ga sunan Getso a ciki, ya yi hoton shafukan ya kai gida, wataƙila ma don alfahari. Takardar ta bi hannu-hannu har ta isa wurin wanda ya fassara ta yadda ya ga dama. Abin da ya bazu a kasuwar Gwarzo shi ne Malam Iliyasu ya rubuta wa 'yan falsafa cewa ba a iya tabbatar da sata, don haka babu haddi. Wani mai wa'azi ya ɗauki maganar a bainar jama'a, bai kama suna ba, amma ya ce wani tsoho a Getso. Ba a taɓa lafiyar kowa ba, ba a zo ƙofar gida ba. Abin da ya faru a hankali ya faru. Magidanta da ke ɗaukar fiƙihu bayan la'asar suka fara raguwa, wannan ya ce aikin gona, wancan ya ce ciwon ƙafa. An daina kiran Baba rabon gado. Da jerin sunayen kwamiti ya fito, babu na Yaya, kuma ba wanda ya yi masa bayani. Dokta Nasiru ya je har Gwarzo don ya warware maganar, wasu malamai biyu suka saurare shi suka ce sun gane, amma ba su faɗa a fili ba.

Yaya ya kwashe iyalinsa ya koma Kabo, ya kama koyarwa a wata Islamiyya, yana haɗawa da sayar da taki. In na zo gida ya ji labari, sai ya ɗaga zuwansa. In muka haɗu a suna ko ta'aziyya, ya amsa gaisuwa ya wuce. Baba bai taɓa ce mini na yi laifi ba, bai kuma taɓa cewa babu komai ba. Na kai masa kwafin mujallar, ya sa na nuna masa sunan Malam Jibo da yatsa, ya duba, ya sa ta cikin gafakarsa. Ya ci gaba da zama a zaure da mutum uku ko huɗun da suka rage har ƙafarsa ta hana shi fita. Ya rasu shekara shida bayan haka.

Sai da aka ƙara shekara uku na je Kabo. Na same shi a rumfar takinsa, ya sa aka kawo mini kujera, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi kowannenku da suna. Sannan na ce akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, na ba shi labarin hanya ta uku. Ya saurara yana kallon titi.

"Na sani," ya ce.

Na ce ta yaya.

"Kwana goma bayan tafiyarki na shiga Kano, na nemi ofishin Farfesan naku. Na roƙe shi ya cire. Ya ce ai ya ba ki hanyar da za a sakaya suna, tsohon ne ya ƙi. Sai na gane ba ki faɗa ba."

"Me ya sa ba ka gaya masa gaskiya ba? Da ya dakatar da bugun."

"Da kin rasa aikinki, ko amincinsa gare ki. Kina da yara biyar, mijinki kuma ba lafiya."

"Baba fa? Ka gaya masa?"

"A'a. Yana alfahari da ke. Ban ga amfanin ya mutu yana sanin kin ɓoye masa abu ba." Ya gyara zama. "Na yi zaton za ki janye da kanki kafin a buga. Na jira. Abin da ya hana ni yi miki magana ke nan, ba kujerar ba. Kujerar ma ta yi mini ciwo, kada ki ce ban faɗa ba."

Na ba shi haƙuri. Ya ce ya wuce, wani mai sayen taki ya zo, ya tashi ya auna masa. Da zan tafi ya ce in gaishe da yara, in kuma turo ku hutu. Tun daga nan muke gaisawa, ko da yake ba mu koma yadda muke muna yara ba, kuma ban sa ran haka ba.

Mujallar ta daina fita bayan Farfesa ya yi ritaya. An ce mini masu bincike biyu ko uku sun ambaci takardun Baba a nasu rubutun, sun kwafi layin yadda na tsara shi, har da Malam Jibo. Ina jin daɗin hakan, ba zan ɓoye ba. Ban sani ba ko Baba zai zaɓi hanya ta uku da na faɗa masa. Mai yiwuwa ya ƙi ta, don mutum ne da ba ya son a ce wani malami alhali yana da suna. Amma shi ya kamata ya ƙi, ni kuma na hana shi wannan damar.

Kawunku yanzu ya tsufa, idonsa ɗaya ba ya gani. Shekara tara ya riƙe wannan magana, yana jin ana kiransa matsoraci a cikin danginsa, kalma ɗaya kuma ta isa ta wanke shi, bai faɗe ta ba. Na nemi izininsa kafin in rubuta wannan babi. Ya ce in rubuta, amma in sa cewa shi ma ya so kujerar. Na sa.